Zomo a lambu, yanyawa a akurki: wace bindiga ce ta dace?

Duk lokacin da aka shiga noman rani, masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Ajiwa da wajejen Sabke kan kawo mini kuka iri ɗaya: zomo ya cinye shuka da dare, wani abu kuma ya shiga akurki ya ɗauke kaji. Matasa da ke kallon bidiyon maharban Ingila da Ostireliya a waya su ne suka fi tambayar lambobin harsashi. Ga amsoshin da nake ba su.

Mene ne ma'anar lambobin nan, .22 da .17 da .223?

Lambar tana nuna faɗin harsashi a ma'aunin inci. Wanda ake kira .22 faɗinsa kusan milimita 5.6 ne, .17 kuwa bai kai milimita 5 ba. Amma faɗi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Harsashin .22 LR (wato Long Rifle, wani nau'in .22) da na .223 faɗinsu kusan ɗaya ne, sai dai ƙwanson .223 ya ninka wancan girma, albarushinsa ya fi yawa, yana fita da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa guda. Na .22 LR bai kai rabin wannan gudun ba.

To wanne ake amfani da shi wa zomo?

A Ingila .22 LR ce bindigar zomo tun kaka da kakanni. Harsashinta na da araha, ƙararta ba ta da yawa, ba ta dukan kafaɗa, kuma ba ta lalata nama. Tana aiki da kyau har zuwa tazarar mita 60 ko 70. Aibinta shi ne idan harsashin ya bugi ƙasa mai tauri ko dutse yakan yi tsalle ya kauce wani wajen. A 2002 kamfanin Hornady ya fito da .17 HMR, ɗan ƙaramin harsashi mai gudu da ke kai wa mita 100 da ɗoriya ba tare da ya sunkuya sosai ba. Saboda rashin nauyinsa, iska na ture shi; mai tunanin harbi da shi cikin iskar hunturu ta Katsina ya san da wannan.

Su ma can ba bindiga ce ta raba su da zomo ba. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa kusa da Geelong a Ostireliya, suka hayayyafa suka mamaye ƙasar. Harbi da shinge mai tsawon dubban kilomita duk ba su tsayar da su ba, sai da aka sake musu cuta a 1950 sannan yawansu ya faɗi. Namu zomon dajin ma wani iri ne daban: ba ya haƙa rami ya zauna da dangi kamar nasu, a gindin ciyawa yake kwana, shi ya sa ɓarnarsa ba ta kai waccan ba.

Ita kuma yanyawa fa?

Nan ne matasa ke ruɗewa. Yanyawar Turawa (fox) da suke harbi da .223 ko .22 Hornet (wani .22 mai ƙarfi) ta fi yanyawarmu girma, ta fi kusa da ƙaramin dila. Dalilin zaɓar harsashi mai ƙarfi shi ne dabbar ta mutu nan take, kada ta tsere da rauni ta je ta mutu a wahalce. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, ta kuma dace da abin da addini ya koya mana na kyautata kisa.

Yanyawarmu kuwa nauyinta bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba, kuma galibin abincinta ɓeraye ne da fara da ƙwari da 'ya'yan itace. Ni dai ina ganin manomin da ya kashe ta ya kashe mai gadin gonarsa. Kafin ka ɗora mata laifi, Malam, duba sawu da safe. Sau da yawa muzuru ne, ko tunku, ko karen maƙwabci.

Zan iya sayen irin waɗannan bindigogi a Katsina?

Ba kamar sayen fartanya ba ne. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin masu harsashi mai faɗin milimita 7.62, haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta da mai baki biyu da ta iska suna buƙatar lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ta maharbanmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinta na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Riƙe bindiga ba takarda laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Ga kuma halin da jiharmu ke ciki. Mutumin da aka gani da bindiga da fitila a daji da tsakar dare, ba wanda zai tsaya tambayarsa ko zomo yake nema.

Idan mutum ya samu lasisi, me ya fi dacewa da ƙasarmu?

Ƙasar Katsina da Daura shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudun da zai tare harsashin da ya kuskure. Ɗan ƙaramin .22 LR da ake rainawa yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, na .223 ya wuce haka nesa ba kusa ba. A bayan kowace gona kuwa akwai ruga, ko mata masu itace, ko yara masu kiwo. Shi ya sa na fi natsuwa da bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, wadda ƙarfinta na kashe dabba ke ƙarewa a mita 30 zuwa 35, ko da yake ƙwayoyin kan wuce nan. Ko da ita, kada ka harbi motsin ciyawa ko ƙyallin ido. Sai ka ga dabbar sarai, ka kuma san abin da ke bayanta.

Naman zomon da aka harba ya halatta?

Zomo halal ne. Ka yi bisimilla lokacin harbi, idan ka iske shi da rai ka yanka.

In ba bindiga, me zan yi?

Ga lambu, a zagaye wurin renon iri da wayar raga mai tsayin mita ɗaya, a danne ƙasanta sosai, domin ƙananan tsiro zomo ya fi bi. Ga kaji, a ɗaga akurki daga ƙasa, a yi masa ƙofa mai sakata, a tabbata an rufe kafin magariba. Inda dabba ke tono ta ƙarƙashi, a binne wayar kamar kamu ɗaya cikin ƙasa, a lanƙwasa bakinta ya fuskanci waje.