Samfurin Jiragen Yaƙi na Roba: Ina Asalinsu, Kuma Wanne Ya Fi Kama da Jirgin Gaske?

Me ake nufi da 1/72 ko 1/48 a jikin kwali?

Samfurin ƙaramin jirgi ne na roba da ake sayarwa ɓangare-ɓangare a kwali, mai saye ya haɗa da kansa. Lambar tana nuna sau nawa aka rage girman jirgin. Faɗin fikafikan Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, mita 11.23 ne. A raba da 48, a sami milimita 234. A raba da 72, a sami 156. Kuskuren milimita ɗaya a 1/48 daidai yake da kusan santimita 5 a jirgin gaske. Shi ya sa masu wannan sana'a suke ta muhawara a kan abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba.

Idan kwali yana ɗauke da sunan kamfani, ba shi ya ƙera abin da ke ciki ba ne?

Ba lallai ba. Abin da ke cin kuɗi a harkar shi ne mazubin ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki. Saboda tsadarsa, kamfanoni suna sayar da shi, ko su zuba wa wani kamfani kayan ya sa a kwalinsa. Revell na Jamus ya sayar da Spitfire mai ma'aunin 1/48 na Hasegawa ta Japan, ya kuma sayar da na ICM ta Yukiren, duka a kwalin Revell, alhali mazuban biyu ba su da alaƙa da juna. Tamiya ma tana sayar da wasu jiragen Italeri na Italiya masu 1/72 a kwalinta.

Wannan al'ada ta daɗe. Frog na Ingila, wanda ya fara fitar da jiragen roba masu 1/72 a 1936, ya daina aiki a 1976. Yawancin mazubansa suka tafi Tarayyar Sobiyet, aka ci gaba da zuba su da sunan Novo. Har yau ana cin karo da jiragen a kwalaye masu sabon zane, amma mazubin na shekaru hamsin ne ko fiye.

To ta yaya zan gane asalin wanda ke hannuna?

A juya fiffiken a duba cikinsa, a kuma duba sandunan robar da ke riƙe da ɓangarorin. Sau da yawa akwai sunan kamfani da shekara a rubuce, kuma shekarar ita ce ta mazubin, ba ta kwalin ba. A gefen kwali akwai ƙasar da aka zuba robar: kwalin Jamus da aka rubuta an yi kayansa a Japan ko Yukiren ya riga ya tona asirin kansa. Sai dai a yi hattara, domin yawancin kayan kamfanin Airfix a Indiya ake zuba su, ko da yake a Ingila aka tsara su.

Sannan a shafa jikin jirgin da yatsa. Idan layukan da ke nuna mahaɗar falankan ƙarfe sun taso sama, galibi tsohon zubi ne na kafin shekarun 1980. Na zamani a tsage suke zuwa ciki. Siririyar roba da ke fitowa a gefen ɓangarori kamar fatar albasa tana nuna mazubin ya tsufa, ba ya rufuwa sosai. Shafin intanet na Scalemates yana jera tarihin kowane mazubi da kwalayen da ya shiga, kuma ya kamata a duba shi kafin a biya kuɗi.

Wanda ya fi sauƙin haɗawa shi ne ya fi daidai?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Spitfire nau'in Mk.IX mai 1/48 ya isa misali. Na Hasegawa yana haɗuwa tsaf, robarsa sumul, amma gangar jikinsa ta gajarta, kuma gyaran yana buƙatar yanka jirgin a ƙara masa roba. Na ICM ya fi shi daidai a siffa, sai dai zubinsa na farko yana zuwa da lotsawa a wuraren da robar ta yi kauri, domin tana tsukewa idan tana hucewa. Dole a cike su da fila, wato ƙullun cike rami, a goge da sanfefa. Na Eduard ta ƙasar Cek, wanda ya fito a 2013, ya haɗa siffa da kyawun zubi, kuma a ganina shi ne zaɓi. Aibinsa kaɗan ne: murfin saman injin ya zo gida biyu, sai an yi haƙuri wajen ɓatar da layin tsakiya ba tare da an share ƙananan ƙusoshin da aka zana ba.

Amma suna ba ya hana kuskure. Eduard ɗin nan ta fitar da samfurin Messerschmitt Bf 109G-6, jirgin yaƙin Jamus, mai 1/48 a 2014, masu awo suka gano ya fi 1/48 girma. Faɗin fikafikan jirgin gaske kusan mita 9.92 ne, wato milimita 207, samfurin kuwa ya wuce haka. Kamfanin ya sake sassaƙa sabon mazubi, ya fitar a 2016. Wanda zai sayi na hannu sai ya tabbatar wane zubi ne.

Daga ina irin wannan kuskure yake shigowa?

Mafi yawa daga abin da aka kwafa. Tsofaffin zane-zanen da ake bugawa a mujallu suna da kuskurensu, kuma kowace fotokwafi tana iya miƙa takarda ko ta tsuke ta. Idan kamfani ya dogara da su, ko ya kwaikwayi samfurin wani, kuskuren ya zama gado. Yanzu Airfix da wasu suna auna jirgin gaske da hasken leza, wanda ya rage matsalar siffa ƙwarai. Amma ya kawo tasa: jirgin gidan tarihi sau da yawa an gyara shi da kayan wani nau'in. Wasu Spitfire da suka rayu bayan yaƙi suna da tudu a saman fiffike, daidai ramin taya, wanda yawancin na lokacin yaƙi ba su da shi. Na'ura ba ta san haka ba, abin da ta gani take aunawa.

Yaya zan auna da kaina?

A nemi faɗin fikafikai da tsawon jirgin gaske, a raba da ma'aunin. A haɗa manyan ɓangarorin da salatif ba gam, a auna da rular ƙarfe. Faɗin fikafikai ya fi aminci, domin tsawo yana canzawa da irin jela da hancin farfela. Mk.IX na farko yana da jela mai zagayayyen kai, na baya mai tsini. Bindigoginsa ma sun bambanta: a fiffike nau'in C igwa mai milimita 20 tana ta ciki, a nau'in E ta koma waje. Bayan awo sai a kwatanta da hoton da aka ɗauka daga gefe sak, daga nesa, domin hoton kusa yana kumbura hanci. Idan fiffike ya lanƙwashe, wannan ba laifin tsari ba ne. A tsoma shi a ruwan zafi da bai tafasa ba, a miƙar, a sa a ruwan sanyi.

Wanda yake son jirgin Sojojin Saman Najeriya fa?

Najeriya ta karɓi MiG-21MF a tsakiyar shekarun 1970, kuma Eduard tana da wannan nau'in a 1/48 tun 2011. A duba doron bayan mazaunin matuƙi, domin na wani nau'in, MiG-21bis, ya fi na MF kauri. Kada a ɗauki samfurin MiG-21 a yi masa fentin F-7NI, wanda aka saya daga Sin daga baya. Asalinsu ɗaya, amma fiffiken F-7NI yana da karyewa a gefensa na gaba kuma ya fi faɗi, na MiG-21 kuwa miƙaƙƙen kusurwa uku ne, milimita 149 a 1/48.