Mene ne "tsarin kowa da kowa" a ginin tsakar gida?

Tsarin kowa da kowa shi ne a zana wuri tun daga tushe yadda yaro mai tatata, mai juna biyu, tsoho mai dogara sanda da mai keken guragu duk za su iya zirga-zirga a cikinsa ba sai an ɗauke su ba. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Amurka, Ronald Mace, shi ya yaɗa wannan ra'ayi a shekarun 1980. Shan inna ta kama shi tun yana yaro, ya yi rayuwarsa a kan keke, don haka ya san abin da matakala guda ke jawo wa mutum.

A gidajenmu na gandu, inda kaka da jika ke kwana gida ɗaya, maganar ta fi shafar tsakar gida. Nan ake girki, nan ake alwala, nan ake shan hantsi da hirar dare. To, dubi yadda ake gina ta yanzu: dokin ƙofa mai tsawo don tare ruwan damina, tayil mai sulɓi don ado, kwata a buɗe ta ratsa hanyar bayan gida. Ranar da gwiwar Inna ta ƙi, waɗannan ne ke tsare ta a ɗaki, ana ta hira a waje tana jiyowa daga nesa. Wannan yana min ciwo, domin ba ƙiyayya ce ta jawo shi ba, rashin tunani ne lokacin gini.

Gyaran yana da ma'auni. Gangaren da zai maye gurbin matakala, ƙa'idar da aka fi bi ita ce tsawon santimita 12 ga kowane santimita 1 na tudu, wato dakali mai santimita 30 yana buƙatar gangare na mita 3.6. Keke yana son fili na kusan mita 1.5 kafin ya juya. Daɓen siminti mai kaushi ya fi tayil, a rufe kwata, a kafa ƙarfen dafawa a bangon bayan gida da wurin alwala, a sa fitila da wurin zama a inuwa.

Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi irin wannan gyara. Tsakar gida kuwa tana hannun maigida da magini, kuma maganar ta fi sauƙin kuɗi kafin a zuba kankare.