Yawon buɗe ido na gado da al'adu a Zanzibar

Zanzibar tarin tsibirai ne a tekun Indiya, a gabashin Afirka, ƙarƙashin ƙasar Tanzaniya amma da gomnatinsu da shugabansu na kansu. Manyan tsibiran biyu ne, Unguja da Pemba, ƙidayar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan 1.9, kusan duka musulmi ne masu jin Suwahili. Daga Yamai sai an bi ta wata ƙasa, galibi Adis Ababa. A da kanumfari ne ke riƙe da tsibiran, yanzu baƙi ne, masu zuwa daga waje sun haura 600,000 a 2023, mafi yawansu daga Turai.

Tarihin a taƙaice: Larabawan Oman suka kori ƴan Fotugal a 1698, wajen 1840 Sayyid Sa'id ya maido fadarshi daga Maskat zuwa nan, garin ya zama kasuwar kanumfari da hauren giwa da bayi, har sai da aka rufe kasuwar bayin a 1873 aka gina majami'a a wurin. Ingila ta karɓi tsibiran a 1890, suka samu ƴanci a Disamban 1963, aka yi juyin juya hali ranar 12 ga Janairun 1964, cikin Afrilun shekarar suka haɗe da Tanganika aka samu Tanzaniya.

Abin da ake kira gado a nan shi ne tsohon gari, Mji Mkongwe da harshensu, wanda Unesko ta sa cikin jerin wuraren tarihin duniya a 2000, shekara 13 kafin a sa tsohon garin Agadas namu. Lungunanshi matsattsu ne ƙwarai, mota ba ta shiga yawancinsu, sai ƙafa ko moto, gidaje masu hawa biyu ko uku suna kallon juna har inuwa ba ta barin ƙasa. Ƙofofin ne mutane suka fi tsayawa kallo: katako mai kauri an sassaƙa mashi furanni da sarƙa, wasu da aya a saman, wasu da ƙusoshin tagulla masu tsini irin na Indiya. A gindin bangon akwai dakali da suke ce ma baraza, nan dattawa ke zama shan gahawa bayan la'asar.

Ginin kuwa da dutsen murjani na teku aka yi shi, aka haɗa da ƙasa da farar ƙasa da ake toyawa, aka yi azara da itacen da ke fitowa cikin ruwan gishiri. Bangon shina shan laima shina fitar da ita, to da mutane suka fara shafe shi da siminti don sauƙi sai laimar ta maƙale ciki, azara ta ruɓe, wata damina gidan ya zube. Duk wanda ya ga abin da siminti ke yi ma ginin laka a Agadas ko ƙauyukan Tawa ya san zancen. Hukumar kula da tsohon garin, da aka kafa a 1985, ita ke ba da izinin gyara, amma gyaran gargajiya shina cin kuɗɗi, gidaje da yawa kuma na gomnati ne ko na waƙafi, masu haya ba su da ƙarfin gyara. Sai mai kuɗɗi ya saye ya maida otal. Ginin ya tsira, iyalin sun koma bayan gari, kuma a ganina nan ne babbar asarar take don baraza ba ta da amfani in ba mai zama. Ko manyan gine-ginen ba su tsira ba: Baitul Ajaib da Sarki Bargash ya gina a 1883, gidan farko da ya samu kuran a tsibirin, wani sashenshi ya rufta ranar 25 ga Disamban 2020 ana tsakar gyara da kuɗɗin Oman. Lambun Forodhani da ke gabanshi kam ya dace, gidauniyar Aga Khan ta gyara shi, da dare ya cika da masu gasa kifi da masu matse rake, ƴan gari da baƙi duka.

Yawon buɗe ido mai ɗorewa na nufin baƙo ya zo ya tafi, wurin bai lalace ba kuma ɗan gari ya samu rabonshi. Wurin da aka fi ba da misali da shi shi ne ƙaramin tsibirin Cumbe, inda aka killace murjanin tekun tun 1994, ɗakunan kwana bakwai kawai, ruwan sama ake tarawa, wuta ta rana ce, tsoffin masunta aka ɗauka gadi, kuɗɗin baƙi kuma su ke biyan kai ƴan makaranta su ga teku. A dajin Jozani, da ya zama gandun ƙasa a 2004, akwai wani jan biri da ba a samu ko'ina a duniya sai tsibiran Zanzibar, ana raba kuɗɗin shiga da ƙauyukan kewaye saboda ɓarnar da birai ke yi ma gonaki. A Paje da Jambiyani mata ke noman ciyawar teku tun 1989, in ruwa ya janye sai su shiga da igiya da turaku, wasu na yin sabulu da ita suna saida ma baƙi, sai dai ɗumamar tekun na kashe irin da ya fi tsada.

Bukukuwa ma na jawo mutane: Sauti za Busara na kiɗa a Fabrairu, bikin fina-finai tun 1998, da Mwaka Kogwa a Makunduci cikin Yuli inda maza ke dukan juna da karan ayaba don shiga sabuwar shekara.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin teku, irin su Nungwi da Kiwengwa. Manyan otal na baƙin ƙasashe ne, baƙo ya biya komi tun daga gida, ci da sha duk a ciki, ɗan gari bai ga ko dala ba, aikin ma sau da yawa ƴan babban yankin Tanzaniya ke samu. Otal na haƙa rijiyoyi masu zurfi don tafkin wanka da fulawa, rijiyar ƙauye ta koma gishiri, mata na sayen ruwa a jarka. Ga shara, duk da an hana leda tun 2006. Hukuma na neman baƙi su rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa cikin gari, balle da azumi. Daga 1 ga Oktoban 2024 kuma kowane baƙo sai ya sayi inshorar gomnatin tsibirin ta dalar Amurka 44, wajen jaka 25 kenan na sefa, ban da kuɗɗin biza.