Fenti, Danshi da Labule: Ga Amsoshinku, a Daina Maimaita Tambaya

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, ko an sa ranar biki a gida, tambayoyin nan su ne dai ke dawo mini. A tare ni a ƙofar masallaci, a tare ni a tashar trotro, wato ƙananan motocin bas na haya, wasu har cikin dare suke bugo waya. Ni mai fenti ne, a unguwar Nima ta birnin Accra a Ghana nake zaune, aiki yana kai ni unguwannin Maamobi, Newtown da Madina. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Zan iya yi wa ɗakina fenti da kaina?

Za ka iya. Rola, burushi mai inci 2, samfefa, wuƙar kankara da tsohuwar leda ta shimfiɗawa a ƙasa. Kankare bango da wanke shi su ne rabin aikin, kuma su ne kuke tsallakewa.

Na ruwa zan saya ko na mai?

Bango da silin, na ruwa. Ƙofa, firem ɗin taga da ƙarfen kariya, na mai. Shi ke nan.

Lita nawa zai ishe ni?

Ka auna ɗakinka, ɗan'uwa, ni ban taɓa shiga ba. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayi ƙafa 10, idan an cire ƙofa da taga, bangonsa ya kai kimanin murabba'in mita 40. Lita ɗaya na fenti mai kyau tana cin wajen mita 10 a shafa ɗaya, kuma shafa biyu ake yi. Lita 8 ke nan, ka kai 10 ko 11 idan har da silin. Sabon filasta da bango mai kaushi sun fi shan fenti, sai ka ƙara.

Nawa ne bokiti yanzu?

Je ka shago ka tambaya. Farashin da zan faɗa yau, kafin wata ya kama ya sauya, sannan ka zo ka ce na yi maka ƙarya.

Zan iya ƙara ruwa da yawa don ya yalwata?

A'a! An rubuta iyakar ruwan a jikin bokitin, karanta. Ka tsinka shi ya koma koko, ka shafa sau huɗu bai rufe ba, yaro ya jingina da rigar Sallarsa ya tashi fari fat. Me ka rage? Araha ba ta ado.

Fentin ƙasan bangona yana kumbura yana zuba, ga wani farin gari yana fitowa. Wane fenti ne maganinsa?

To, nan ne zan zauna, domin wannan ce tambayar da ta fi cin kuɗin mutanen zango. Babu bokitin fentin da zai magance wannan. Ruwa ne a cikin bangon. Yana hawowa da gishirin da ke cikin ƙasa ko yashi, idan ya fito fuskar bango ya bushe sai ya bar gishirin a bayan fenti, gishirin ya tura fentin ya ɓare. Farin garin da kake sharewa kullum shi ne. Har sai an san inda ruwan ke shigowa, duk wanda ya ce maka ga magani, ƙiyasi yake yi, har da ni.

Fara da kallon inda tabon yake. Idan daga ƙasa ya taso ya zagaye ɗakin, tsayinsa bai cika wuce mita ɗaya ba, galibi daga ƙasa ruwan ke hawowa. Idan bango ɗaya ne kaɗai, zagaya ka ga abin da ke bayansa. Sau da yawa banɗakin gida ne, ko wurin alwala, ko inda maƙwabciya ke zubar da ruwan wanki, ko bututu ne ya tsage a cikin bangon. Idan daga sama yake gangarowa, ko sai an yi ruwa yake tsananta, duba kwano da indararo da tsagar bango ta waje. Akwai kuma baƙar fumfuna a kusurwa da bayan wadirof, wannan sau tari rashin iska ne: mutum biyar a ɗaki ɗaya, taga a rufe, ana shanya a ciki, wani lokaci har girki.

Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Yanki leda mai kauri kamar faɗin faranti, liƙa ta a wurin da salatif ta ko'ina, ka bar ta kwana biyu ko uku. Idan raɓa ta taru ta cikin ledar, ɓangaren bango, ruwan daga bangon yake. Idan ta waje ta taru, iskar ɗakin ce ta cika laima. Gwajin ba ya faɗin komai da komai, kuma ina ganin ɗakunan da duka biyun suka haɗu, amma yana nuna hanya.

Tsofaffin gidajen haya na unguwanninmu da yawa an gina su ba a sa leda ko kwalta tsakanin harsashi da bango ba. Bulon ma wani siminti kaɗan ne a cikinsa, ga yashin da aka kwaso kusa da teku da gishirinsa. Sannan shekara da shekaru ana ta zuba kankare a lungu ana ɗaga shi don gudun ruwa, har daɓen ɗaki ya koma ƙasa da lungun. Gidajen da ke gangaren babbar kwatar Nima sun fi kowa sanin wannan. Irin wannan ɗaki, gaskiya, ba na yi wa kowa alkawarin zai bushe har abada.

Idan bututu ne ko kwano ko ruwan maƙwabta, ka gode wa Allah, a gyara, a jira bango ya bushe, magana ta ƙare. Idan daga ƙasa ne, abin da nake yi shi ne a sassaƙe filastan har a ga bulo, a wuce iyakar tabon da kamar ƙafa ɗaya, a goge gishirin da burushin waya a bushe. Kada a wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki. A bar bulon ya sha iska makonni. Sannan a sake filasta da yashi mai tsabta, awo ɗaya na siminti da uku ko huɗu na yashi, a zuba garin hana shigar ruwa yadda aka rubuta a jikin ledarsa. A jira kamar mako huɗu kafin fenti. Ta waje kuma a yi daɓe mai gangara a gindin bangon don ruwa ya riƙa gudu. Wani gidan wannan yana riƙewa shekaru. Wani gidan damina biyu tabon ya leƙo ta saman sabon filastan. Ya danganta da ƙasar wurin, da irin bulon, da yadda kwatar bayan gidan take.

Tayil fa? Na san za a tambaya, kowa shi yake yi yanzu. Tayil yana rufe munin, yana da sauƙin gogewa, ban ce kada a sa ba. Amma ruwan yana nan, kuma da ya rasa mafita yakan ƙara hawa ya fito ta saman tayil ɗin, ko ya ɓulla ɗakin maƙwabci. Fentin mai a kan jiƙaƙƙen bango shi ne mafi muni, kumbura yake yi ya saɓule. POP ma, farin filastan nan na ado, kada ka kusantar da shi wurin, ruwa yake sha ya ruɓe. Wanda ba shi da hali, ya kankare ya shafa farar ƙasa. Tana barin bango ya yi numfashi, fumfuna ba ta son ta, kuma sabuntawa duk shekara ba ta karya aljihu. Babu abin kunya a ciki.

Kafin nan, Hajiya, janye katifa da wadirof daga jikin bangon ko da tafin hannu ɗaya ne, a riƙa buɗe gilasan taga da rana. Idan akwai mai asma ko jariri a ɗakin, wannan ya fi launin fentin muhimmanci nesa ba kusa ba.

Haya nake yi. Ni zan biya ko mai gida?

Kada ka ɗora guduma a bangon mutum ba da izininsa ba. Fentin ƙawa naka ne. Gyaran kwano da bututu da sake filasta, ku zauna ku yi magana, a rubuta a takarda ko za a cire daga kuɗin haya, da shaidu biyu. Dokar haya ta 1963 ta ce kada kuɗin gaba ya wuce na wata 6, amma duk mun san shekara ɗaya ko biyu ake karɓa a Accra. Saboda haka lokacin magana shi ne kafin ka miƙa kuɗin. Ɗakin da aka yi wa sabon fenti jiya-jiya, taɓa ƙasan bangonsa da tafin hannu, ka shinshina, ka tambayi 'yan hayar gidan. Idan rigima ta ƙi ƙarewa a gaban dattawa, akwai ofishin kula da harkar haya na gwamnati.

Saura mako ɗaya Sallah, zan iya gamawa?

Busasshen bango, ƙwarai, kwana biyu ma ya isa. Jiƙaƙƙe, a'a. A shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa tsakanin Mayu da Yuni, tsakiyar daminar Accra ke nan, lokacin da ko wanki ba ya bushewa. Aikin danshi na hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu. Yi haƙuri ka tura kujera ta rufe wurin, baƙi abinci suka zo ci.

Wane launi ya fi kyau?

Wanda ranka ke so. Amma ɗaki ƙarami mai taga ɗaya, ɗauki mai haske.

Yadi nawa zan saya na labule?

Wannan fannin uwargida ne, ita ce tela, ga abin da take gaya wa masu zuwa wurinta. A auna sandar labulen, a ninka biyu, in ba haka ba zai rataye kamar zanen shanya. Taga mai ƙafa 4, sandarta ta kai inci 60, ana bukatar faɗin inci 120. Atamfa irin ta GTP ko Akosombo faɗinta wajen inci 45 ne, faɗi uku ke nan za a haɗa. Idan gajere ne mai inci 60, a ƙara inci 10 na kalmasa sama da ƙasa, yadi 6 zai isa da ƙyar. Idan har ƙasa ake so, inci 84, sai kusan yadi 8, a ƙara idan zanen manya ne da sai an daidaita. Yadin labule na ainihi da ake sayarwa a kasuwar Makola ya fi faɗi, sai a tambayi faɗinsa kafin a yi lissafi. Kuma a jiƙa auduga ta bushe kafin a yanka, domin tana tsukewa. Kullum ana faɗa, kullum sai wata ta dawo da labule ya ɗage daga ƙasa bayan wankin farko tana cewa laifin ɗinki ne. A sa shafi ta baya, in ba haka ba rana za ta cinye launin atamfar.

Labulen gwanjo na kasuwar Kantamanto fa?

Babu laifi ko kaɗan, 'yar'uwa. Kasuwar ta farfaɗo bayan gobarar Janairun 2025, kuma ana samun labule masu nauyi da kyau. Ɗaga shi ki duba ta hasken rana ko ya ci, ki wanke, ki shanya sosai.

Takardar bango mai liƙawa za ta rufe tabon?

Koma sama ka sake karanta amsar danshi.

Zan iya ƙara soket da kaina tunda na kalli bidiyo?

Kada ka kuskura. Fenti idan ya ɓaci kuɗi ne ya tafi. Wuta volt 230 ce, kuma gidan haya ɗakuna goma ne ko fiye a ƙarƙashin kwano ɗaya, da yara da tsofaffi a ciki. Akwai ƙa'idar jan waya ta 2011 da ta ce mai lasisin Hukumar Makamashi ne zai ja waya a gini. Nemi irinsa, ka ce ya nuna maka katinsa. Kuma idan soket yana jikin jiƙaƙƙen bangon nan, kashe shi daga yau, a ɗaga shi sama. Ko ƙusa za ka buga don rataye hoto, kauce wa saitin soket da makunni ta sama da ta ƙasa, nan waya ke bi.

Za mu iya kwana a ɗakin ranar da aka yi fentin?

Na ruwa, a bar taga da ƙofa a buɗe yini guda, washegari a shiga. Na mai, kwana biyu ko uku, mai ciki da mai jego da jariri su fi haka daɗewa a wani ɗakin. Tsohon fentin mai na ƙofofi yana iya ƙunsar dalma, don haka jiƙa samfefar kafin ka goga, ka rufe hanci, yara su fita, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Ragowar fenti da ruwan wanke rola, a kwata zan zuba?

Haba Malam! Kwatar ƙofar gidanka kogin Odaw take zuwa, daga can tafkin Korle, kuma wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah Circle ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da muke zubawa a magudanai. Ragowar fenti, rufe bakin da leda ka danne murfin, za ka bukace shi don cike tabo. Ruwan wanke rola, bar shi a bokiti ya kwana, tsiyaye na sama a kan ƙasa, gurɓin ya bushe ka sa a shara. Kananzir ɗin wanke burushi kuma a gwangwani mai murfi, nesa da murhu, ba a robar ruwan sha ba inda yaro zai ɗauka.