Waiwaye: Daga Tafinta zuwa Na'urar Fassara ta Kunne

Tun zamanin mulkin Faransa mutumin Maraɗi bai rabu da tafinta ba, ko a kotu ko a gaban likita. Yunƙurin ɗora wa inji wannan aiki ya fito fili ne a Janairun 1954, lokacin da Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM suka juya jimloli sama da 60 daga Rashanci zuwa Ingilishi da kalmomi 250 kacal. An yi ta ɗoki, har sai da rahoton da kwamitin masana mai suna ALPAC ya fitar a 1966 ya sa gwamnatin Amurka ta rage kuɗin binciken.

Wancan duk rubutu ne. Magana ta fi wuya, domin sai na'ura ta ji, ta rubuta abin da ta ji, ta fassara, sannan ta furta, kuma kuskuren da aka yi a matakin farko yakan bi sauran har ƙarshe. Jamus ta shafe 1993 zuwa 2000 tana fama da wannan a shirin Verbmobil. Na'urar Phraselator da sojojin Amurka suka riƙe a Afganistan ba ta wuce furta jimlolin da aka riga aka naɗa ba, kuma ba ta fahimtar amsa. Ko da Google ya fito da Pixel Buds, na'urar kunne mai taimaka wa fassara, a 2017, abin kunnen saurare kawai yake yi, ainihin aikin yana cikin waya da manyan kwamfutocin kamfanin ta hanyar intanet.

A nan ne nake ganin masu ƙira ba su yi lissafi da mu ba. Idan aka sa dukkan aikin cikin na'urar, batir zai ƙare da wuri kuma ta ɗauki zafi, ga rana mai wuce digiri 40 a watan Afrilu. Idan aka dogara da intanet, ɗan kasuwan da ke kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya zai rasa ta a inda ya fi buƙatarta. Ga kuma hayaniyar babbar kasuwa, inda ƙarar kabu-kabu ke danne muryar mai ciniki.

Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, amma mafi yawan abin da aka koya wa inji rubutacciyar Hausar Kano ce. Mai tumatir a Maraɗi da dala (wato sefa 5) take lissafi, idan ta ce ashirin, sefa 100 take nufi, kuma na'urar da ba a naɗa mata muryoyin Katsinawa da Gobirawan nan ba, za ta gaya wa baƙo farashin da ba shi ba ne.