Idan Kaya Suka Tsaya a Hanya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kamfanoni da Masu Kawo Musu Kaya

Duk kayan da suka isa hannun mai saye sun ratso hannuwa da yawa: wanda ya haƙo ko ya noma ɗanyen abu, wanda ya sarrafa shi, wanda ya harhaɗa sassa, sai masu dako da masu sito. Wannan jeri ne ake kira sarƙar samar da kaya, kuma tambayoyin da ke tafe sun shafi abin da kamfanoni ke yi idan wani zobe a cikinta ya katse.

Wane irin abu ne ke katse wannan sarƙa?

Wani lokaci hanya ce ke toshewa. A ranar 23 ga Maris, 2021, jirgin dakon kwantena mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwez na ƙasar Masar ya kafe har kwana shida, jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko suna jira. Daga ƙarshen 2023 kuma, hare-haren 'yan Huthi na ƙasar Yaman a Bahar Maliya sun tilasta wa manyan kamfanonin jiragen ruwa irin su Maersk zagayawa ta kudancin Afirka, abin da ya ƙara kusan kwana goma a tafiyar da ke tsakanin Asiya da Turai. Sai dai waɗannan su ne masu shiga labarai. Mafi yawan katsewar da kamfanoni ke fama da ita ba ta da amo: mai kawo kaya ya karye, ma'aikatan tashar jiragen ruwa sun shiga yajin aiki, an ƙara harajin kwastam, ko kuma kaya sun iso amma ingancinsu bai kai ba.

Yaya matsalar masana'anta guda take tsayar da kamfanin da ko sunanta bai sani ba?

Kamfani yakan san wanda yake saya a wurinsa kai tsaye, amma sau da yawa bai san inda shi wancan yake samo nasa kayan ba. Girgizar ƙasa da igiyar tsunami da suka afka wa Japan a Maris ɗin 2011 sun fito da wannan gibi fili. Wata masana'antar kamfanin Merck da ke yankin Onahama a Japan ce kaɗai a duniya ke yin wani sinadari mai sa fentin mota ya yi ƙyalli, kuma da ta tsaya, sai da kamfanin Ford a can Amurka ya daina karɓar odar motoci masu wani nau'in baƙin launi. Shi ya sa kamfanonin da suka koyi darasi suke bin diddigin kowane muhimmin sashe zuwa mataki na biyu da na uku, suna tambaya a wane gari ake yin sa, masana'anta nawa ke iya yin sa, kuma idan ta rufe yau, mako nawa za a ɗauka kafin a samu madadi. Aiki ne mai gajiyarwa, musamman da yake wasu masu kawo kaya ba sa son bayyana inda suke saye, don gudun kada a tsallake su.

Me zai hana kamfani ya cika sito da kaya ya huta?

Kuɗi ne ke hanawa. Kayan da ke jibge a sito jari ne a kwance, ana biya musu haya da inshora, wasu su lalace, wasu kuma zamani ya wuce su. Wannan ne ya sa Toyota, ƙarƙashin injiniyanta Taiichi Ohno, ta ɓullo da tsarin kawo sassa daidai lokacin da ake buƙatarsu, kamfanonin duniya suka kwaikwaya. Tsarin yana rage asara matuƙa, amma ba ya barin abin da za a jingina da shi ranar da jigila ta tsaya. Bayan 2011 Toyota da kanta ta sassauta, ta nemi masu kawo mata ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke sarrafa na'urorin mota su riƙa ajiye na wata biyu zuwa shida. Wannan ya sa ta fi takwarorinta jure ƙarancin ƙwayoyin a farkon 2021, ko da yake a watan Satumban shekarar sai da ta rage ƙera motoci da kashi 40 cikin ɗari. Ke nan ajiya ba ta kawar da matsala, lokaci kawai take ba kamfani, kuma dabarar ita ce a ware ta ga sassan da rashinsu zai tsayar da aiki baki ɗaya.

To, ba gara a raba oda tsakanin masu kawo kaya da yawa ba?

Ya danganta da irin kayan. A 1983 wani masanin harkar sayen kayan kamfanoni mai suna Peter Kraljic ya ba da shawarar a auna kowane abin saye da ma'auni biyu: tasirinsa ga riba, da wahalar samunsa. Takardar ofis da kwalin sa kaya ana iya saye a wurin duk wanda ya fi araha. Sashen da mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka iya yi kuwa, dole ne ko dai a raini mai kawowa na biyu, ko a riƙe na farkon da hannu bibbiyu. Kuma yawan suna a takarda ba ya nufin an raba haɗari: lokacin ambaliyar Tailan a 2011, masu ƙera kwamfuta da ke sayen faifan ajiyar bayanai daga kamfanoni daban-daban sun tarar cewa babban kaso na faifan da sassansu daga yankin da ruwa ya malale suke fitowa.

Ana yawan maganar kyakkyawar alaƙa da masu kawo kaya. A aikace me take nufi?

A ganina nan ne ainihin maganar take. A ranar 1 ga Fabrairu, 1997, gobara ta cinye masana'antar kamfanin Aisin da ke garin Kariya a Japan, wadda ita ce ke yin kusan dukkan wani bawul na birki da Toyota ke amfani da shi, alhali abin da ke hannun Toyota bai wuce na kwana biyu zuwa uku ba. Masana'antun Toyota suka tsaya, aka yi zaton za a kwashe makonni. Amma Aisin ta raba zanen bawul ɗin ga duk mai iya taimakawa, kamfanoni kusan 200 suka sa hannu, har da mai ƙera kekunan ɗinki, da yawansu ba tare da sun tsaya cinikin ladan aikinsu ba, kuma kafin mako ya zagayo an koma ƙera motoci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarun da Toyota ta shafe tana tura injiniyoyinta su taya masu kawo mata kaya gyara aikinsu ne suka yi amfani a wannan mako.

Ga kamfani ƙarami ko babba, alaƙar ta ƙunshi abubuwa marasa ado: biyan kuɗi a ranar da aka yi alkawari, sanar da mai kawo kaya hasashen buƙatar watannin da ke tafe, da ƙin matse shi a farashi har ya rasa riba. Mai sayen da ya saba jan bashi kwana casa'in ya kuma soke oda ba sanarwa, shi ne ake fara rage wa kaso idan kaya suka yi ƙaranci.

Ranar da abin ya faru, me ake fara yi?

Ana fara tantance gaskiyar girman ɓarnar, domin rahoton farko yakan zo da sauƙi fiye da yadda abin yake. A Maris ɗin 2000 tsawa ta haddasa wata ƙaramar gobara a masana'antar Philips da ke Albuquerque a Amurka, wadda ke yi wa Nokia da Ericsson ƙwayoyin lantarki na wayar salula, aka shaida musu cewa jinkirin ba zai wuce mako guda ba. Nokia ba ta saki jiki ba, ta riƙa bibiya kullum, da ta ga abin zai ɗauki watanni sai ta yi saurin ba da odar ƙwayoyin a sauran masana'antun Philips da na wasu kamfanoni, ta kuma sauya zanen wasu sassa. Ericsson ta jira, ta tafka asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli, kuma a 2001 ta haɗe sashenta na wayoyi da na Sony. Bayan tantancewa sai a yanke shawarar wane kaya da wane abokin ciniki za a fifita, a kuma gaya wa sauran gaskiya da wuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne ninka oda saboda tsoro, wanda ke sa masana'anta ta ɗauka buƙata ce ta ƙaru, daga baya kowa ya tarar da sitonsa cike da kayan da ba mai saye.

Kwangila ba ta isa kariya ba?

Tana fayyace ranar kawo kaya, da inganci, da tarar jinkiri. Amma galibin kwangiloli suna ɗauke da sharaɗin da ke ɗauke wa mai kawo kaya alhaki idan abin da ya fi ƙarfinsa ya auku, kamar yaƙi ko ambaliya ko annoba, kuma kamfanoni da dama sun fake da shi a 2020 lokacin korona. Ko da mai saye ya yi nasara a kotu, diyyar takan zo ne bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da masu sayen kayansa suka riga suka koma wurin wani.