Kuɗin soja a jami'o'in Amurka: wa doka ta yarda ya shiga ɗakin gwaji?

Ma'aikatar Tsaron Amurka, wato Pentagon, tana zuba biliyoyin daloli duk shekara a jami'o'in ƙasar, kuma fannin injiniya ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Abin ya daɗe. Ko ARPANET, wadda ta haifi intanet, da kuɗin soja aka haɗa ta a 1969. To ɗalibin da ya taso daga Zariya ko Yamai neman digiri na uku, ya tarar da irin wannan kuɗi malaminsa ke aiki, yana da hurumin sa hannu?

Galibi yana da shi, albarkacin umarnin da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1985, mai lamba NSDD 189. Umarnin ya ce binciken tushe, wanda aka saba wallafa sakamakonsa kowa ya karanta, a bar shi a buɗe gwargwadon hali. In gwamnati na tsoron wani aiki zai taɓa tsaron ƙasa, sai ta fito fili ta ayyana shi sirri. Shi ya sa wasu jami'o'i ke raba gari: MIT tana yin ayyukan sirri a cibiyarta ta Lincoln, nesa da ajujuwan ɗalibai.

Inda gizo ke saƙa shi ne dokokin fitar da kaya waje, ITAR na Ma'aikatar Harkokin Waje da EAR na Ma'aikatar Kasuwanci. A idon waɗannan dokoki, ba sai an loda kaya a jirgi ba. Malami ya buɗe kwamfuta a ofishinsa ya nuna wa baƙo zanen wata na'urar da aka taƙaita, kamar ya aika da zanen ƙasar baƙon ne. Mai katin zama na dindindin ba ya cikin baƙi a nan, amma mai bizar karatu yana ciki.

Binciken tushe ya kuɓuta daga wannan tarko, sai dai kariyar ba ta da wuyar zubewa. Da zarar jami'a ta amince da sharaɗin cewa sai mai kuɗi ya yarda kafin a wallafa, ko cewa ban da 'yan ƙasar waje, shi ke nan, aikin ya tashi daga na tushe. Layi ɗaya a kwangila ya isa, kuma a kansa lauyoyin jami'o'i ke ta ja-in-ja. A ganina, nan ya kamata ɗalibi ya fi sa ido, ya tambayi malami tun kafin ya karɓi gurbi ko kwangilar tana da irin wannan sharaɗi, don kada ya wayi gari an hana shi taɓa aikin da zai rubuta kundinsa a kai.

Masu karya dokar kuwa suna ɗanɗana kuɗarsu. An yanke wa Farfesa John Reece Roth na Jami'ar Tennessee ɗaurin shekara 4 a 2009, saboda ya bar ɗalibai biyu, ɗan Sin da ɗan Iran, sun ga bayanan wani aikin Rundunar Sojan Sama kan jirage marasa matuƙi, ya kuma tafi Sin da wasu bayanan.

Ta fuskar horar da ma'aikata, ƙofar ta fi ƙunci. Tallafin karatu na SMART, na Ma'aikatar Tsaro, yana biyan kuɗin makaranta da alawus, ɗalibi kuma ya rama da aikin farar hula a ma'aikatar, shekara ɗaya kan kowace shekarar da aka ɗauki nauyinsa. Wanda ya zille zai mayar da kuɗin. 'Yan Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya da New Zealand kaɗai ke iya nema.